Gadon Ma'u da Finjalin Sauda

"Karkata shi, Ma'u! Karkata shi mana, za ki ɓalle masa ƙafa!"

"Ƙafar gadona ce ko taki?" in ji Ma'u, maƙwabciyar Jannatu, tana haki tana dariya. "Ke dai ja!"

Jannatu ta ja. Gadon ƙarfen ya yi ƙara, ya kankare tsatsar ƙofa, sannan ya faɗo ciki gaba ɗaya ya tafi da su biyun ƙasa. Suka zube a kan siminti suna ƙyaƙyatawa har da riƙe ciki. Daga can ƙuryar ɗaki Iya Fatsuma, surukar Jannatu, ta ɗago kai daga carbinta ta ce in sun gama wasan yara su tuna rana tana tafiya, baƙi kuma ba su jiran mai dariya.

Ɗakin da ake shigar da gadon ba ɗaki ba ne, in za a faɗi gaskiya. Mahzan ne, wurin ajiyar amfanin gona na Alhaji Nu'uman, a bayan kasuwar hatsi ta Gadarif. Dogo ne, rufin kwano, ba taga sai ramuka biyu can sama inda tantabaru ke leƙowa. A nan Jannatu take da surukarta da 'ya'yanta tun bayan da yaƙi ya koro su daga Sinja. Sun kwana a tashar mota, sun kwana a ajin makaranta, da aka buɗe makarantu aka ce su tashi. Alhaji Nu'uman ne ya tausaya ya ba su mabuɗi, ya ce su zauna har riɗi ya shigo. To, riɗi ya nuna, an yanka. Mijinta ma, Mailafiya, yana can Gedambaliya cikin masu yankan. Makon jiya Alhaji ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon takalminsa, ya ce wani ɗan kasuwa ya kama wurin, motar farko za ta sauke buhuna ran Asabar. Yau Laraba.

Tun kafin azumi rediyo ke ta maganar sabuwar doka, wai duk wanda ba shi da wurin kwana hukuma za ta ba shi fili da gutiyya, bukkar nan ta ciyawa mai tsinin kai irin ta Gadarif. Jannatu ta je ta bi layi ta faɗi sunanta, daga nan shiru kamar an aiki bawa garinsu. Sai jiya da la'asar Tijjani mai unguwa ya zo da labari: lajna, wato kwamitin hukuma, za ta zo. Ba masu rabo ba ne, ya ce, masu bin sawu ne, su duba ko dokar ta sauko ƙasa tana aiki ko tana nan zaune cikin rediyo. Amma maganarsu tana da nauyi. Wanda suka ce yana bakin titi, da shi za a fara. Wanda suka ce ya samu inuwa, sai ya jira.

Duk wannan bayani Tijjani ya yi shi, kuma Jannatu ta ji. Amma kalma ɗaya ce ta shiga kunnen Iya Fatsuma ta zauna daram.

"Baƙi?" ta ce. "Baƙi daga hukuma, su zo su tarar da mu a kan buhu? Ni Fatsuma? Wallahi sai dai bayan raina. Ko a hanyar gudu ban ba baƙo ruwa a gwangwani ba."

Shi ke nan fa. Kafin magariba labari ya zagaye unguwa, kuma matan unguwar, jikokin alhazan da suka yada zango a Gadarif tun zamanin tafiyar ƙafa, ba su san wani abin kunya da ya wuce a ce baƙo ya shiga ɗakin Bahaushiya ya rasa wurin zama ba. Da sassafe kaya suka fara tahowa.

Bayan gadon Ma'u sai katifarsa, da zanen gado mai hoton ɗawisu. Sai Sauda, wata maƙwabciyar, ta iso da kanta, tire a ka, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Kayan jabana ne, tulun kofi na yumɓu da finjalai masu bakin zinariya da wanta ya aiko mata daga Jidda, waɗanda ko mijinta bai taɓa sha da su ba.

"In ɗaya ya fashe," ta ce, "ki nemi wata unguwar."

"Ai dama Asabar zan nema," in ji Jannatu, suka sake fashewa da dariya. Abin ban tsoro ne, amma yau komai dariya yake ba ta.

Aka kawo kujerun roba, aka kawo kafet ja. Wata ta aiko da kabad na gilashi a kan karo, keken jaki, jakin yana ta turjewa, matan suna bin sa a baya suna yi masa kirari. Aka jera kwanukan tangaran a ciki, na gida uku, amma suka zauna kamar uwa ɗaya ta haife su. Fanka ta zo, ga shi mahzan ba wuta. Talabijin ta zo, ita kuma tun bara ta mutu, aka yafa mata kyalle mai ado aka ɗora furen roba a kai. Da labule ya iso sai aka tsaya ana kallon juna.

"Ina tagar?" in ji Sauda.

"Rataya shi a nan," in ji Ma'u, ta nuna tsakiyar bango. "Wa zai ɗaga labulen mutane? Baƙo mai tarbiyya ba ya leƙe."

Jannatu tana kan kujera, ƙusoshi a baki, dutse a hannu, wayarta ta yi ƙara. Mailafiya ne. Sai ya hau bayan tirelar tarakta yake samun layi, muryarsa tana zuwa tana ɗaukewa cikin iska.

"An ce yau za su zo?"

"Uhm," ta ce, ƙusoshi ba su bar ta ta yi magana ba.

"Ki gaya musu komai. Ki gaya musu Asabar. Kin ji ko? Asabar!"

"Uhm, uhm." Ta tofar da ƙusa ɗaya a tafin hannu. "Baban Zahra, da ka ga ɗakin nan! Wallahi ba za ka gane shi ba. Har da labule!"

"Labulen me?"

Layin ya ɗauke. Ta cusa wayar a ƙugu ta ci gaba da bugu.

Wajen hantsi aka kunna turaren wuta kasko biyu, don a kashe warin maganin ƙwari da na tsohuwar dawa da ya kama bango. Aka yayyafa ruwa a ƙofar. Buhunan da suke kwana a kai, da tabarmarsu guda mai ɓarakar gefe, da bokitin da suke tarar yoyo da shi, duk aka tura su ƙarƙashin gado aka saki zanen ɗawisu ya rufe. Yara aka kora su gidan Ma'u da alkawarin zalabiya. Aka naɗa wa Iya Fatsuma tob ɗin Sauda, lafayar nan ta matan ƙasar, ruwan hoda mai ɗigon azurfa, aka zaunar da ita a tsakiyar gado. Tsohuwa ta gyara zama, ta ɗaga haɓa, nan take ta koma Iyar da aka sani a Sinja, wadda ba a shiga gidanta a fita ba a ci ba.

Jannatu ta tsaya a bakin ƙofa ta duba. Kai! Zuciyarta ta yi wani tsalle. Rabon da ta ga ɗaki irin wannan tun ranar da ta ja ƙofar nata ta fito da ɗan ƙunshi, tana cewa kwana biyu ne za su dawo. Ta shiga a hankali, ta kwanta a gefen katifar ta miƙe ƙafa, bayanta ya nutse. Daɗi ya kama ta har ta ji hawaye. Sai ta yi wuf ta tashi, ta ɗaure gyale a ƙugu ta hau rawa a kan kafet ɗin mutane, Ma'u tana kaɗa mata tire, Sauda tana guɗa tana kare finjalanta da hannu ɗaya.

Agogon bango ne ya zo a makare. Sai da aka jira lajna ta fito daga ɗakin Ummuhani, wata 'yar gudun hijira da ke zaune a shagon da ba a gama ginawa ba a bakin hanya, sannan aka ciro shi aka biyo da shi ta lungu a guje. Babban agogo ne mai hoton Ka'aba, ba ya tafiya, amma yana da kwarjini. Ana rataya shi aka ji tsayuwar mota.

"Sun iso! Sun iso!"

Mutum biyu ne suka sauko. Mace a gaba, doguwa, cikin farin tob na ma'aikata, baƙar lakar Gadarif ta bushe a takalminta. Ta ce sunanta Wafa, lauya ce. Na bayanta Eltayeb, mai ƙiba da gumi, yana riƙe da babbar waya da yake danna abin da suka gani a ciki. Ba su kai ga ƙofa ba sai ga Alhaji Nu'uman ya ɓullo daga kasuwa da farar jallabiya da rawani, yana sauri. An yi baƙi a wurinsa, ina zai zauna a rumfa a ce bai zo ya yi maraba ba?

"Itfaddalu, itfaddalu!" in ji Jannatu, tana yi musu bismillah. Larabci a bakinta yake kamar Hausa, da shi aka yi sauran zancen.

Ustaza Wafa ta sa ƙafa a ciki ta tsaya cak. Ta dubi kafet, ta dubi kabad, ta dubi tsohuwa a kan gado cikin hayaƙin turare. Fuskarta da ta shigo da ita a ɗaure ta saki gaba ɗaya.

"Ya salam," ta ce. "Ya salam! Eltayeb, zo ka gani."

Aka zaunar da su, aka ba Alhaji kujerar da ta fi tsayi. Jannatu ta durƙusa gaban murhun gawayi ta zuba 'ya'yan kofi a ɗan kasko. Ta soya su har suka yi baƙi suna maiƙo, ta zagaya da kaskon gaban kowa, kowa ya jawo hayaƙin da hannu zuwa hancinsa. Ta daka da citta, turmin yana ba da amo, Ma'u da Sauda da sauran mata sun cika bakin ƙofa suna leƙe, kowace tana kallon kayanta tana jin daɗi.

Wafa ta cire takalmi ta miƙe ƙafa a kan kafet. Ta ce makonni ke nan suna yawo. Sun ga masu kwana a ƙarƙashin tirela a tasha, sun ga mai jego a rumfar mai shayi. Takardun ofis sun ce an gama da wannan unguwar, kowa ya samu wurin zama, ita kuwa ba ta yarda ba, don ta sha ganin takarda ta ce fari ƙasa ta ce baƙi.

"Amma yau gida biyu ke nan a jere," ta ce, tana dariya kamar yarinya. "Wallahi na fara cewa ko dokar nan sai a rediyo. Hajja, yaya zaman? Akwai abin da ke damunku?"

Iya Fatsuma ta gyara tob. "Alhamdu lillahi, 'yata. Muna cikin rufin asiri. Ba mu rasa komai ba."

"Ma sha Allah. Wurin na wane ne?"

"Na Alhaji ne, ga shi nan. Ɗan'uwa ne, ya fi ɗan'uwa."

Wafa ta juya. "Hajj, kana karɓar haya a hannunsu?"

"A'uzu billahi!" in ji Alhaji Nu'uman, har rawaninsa ya motsa. "Haya? Ko sisi."

"Kuma suna nan zaune, ba matsala?"

Alhaji ya buɗe baki. Ga baƙi, ga matan unguwa a ƙofa, ga tsohuwa ta gama kiransa ɗan'uwa. Wane namiji ne zai ce a gaban wannan taro, ni ne zan fitar da su ran Asabar? Ya shafa gemu.

"Ai gidansu ne," ya ce.

Mata suka yi guɗa. Jannatu ta ɗaga tulun jabana sama ta tsiyaya kofi siriri a finjalan Sauda, ko ɗigo bai zuba a tire ba, ita kanta sai da ta yaba wa hannunta. Eltayeb ya kurɓa ya lumshe ido ya ce tun da ya zo Gadarif bai sha irinsa ba. Wafa ta ce sai an yi hoto, za ta nuna wa waɗanda ke cewa ba a yin komai. Aka taru a gaban labule, Iya a tsakiya, Jannatu ta rungumo Ma'u, kowa haƙora a waje. Jannatu ji take kamar ranar bikinta. An ga ɗakinta, an yaba, ba wanda ya kalle ta da idon tausayi, kuma rabonta da haka ta manta.

Tana tattara finjalai a tire Eltayeb ya karkato wajen Wafa, yana danna wayarsa. Bai ma rage murya ba, don a ganinsa albishir ne.

"To, waɗannan sun samu matsuguni. In sa su cikin masu jira, sai rabon bayan damina mai zuwa?"

"Aiwa," in ji Wafa, tana neman takalminta da ƙafa. "A fara da na tasha. Waɗannan alhamdu lillahi."

Finjalan suka yi 'yar ƙara a kan tire. Sauda ta miƙo wuya.

Bayan damina mai zuwa. Jannatu ta ji maganar ta sauka mata har cikin ciki. Ta dubi Alhaji, yana kallon takalminsa, irin kallon makon jiya. Ta dubi Iya, carbi yana gudu a hannunta, idonta a kan kafet. Duk sun ji, kuma ba wanda zai ce uffan. Ita kuma fa? Ta ce me? Ta ƙaryata surukarta a gaban baƙi? Ta kunyata mutumin da ya ba su mabuɗi ranar da kowa ya rufe ƙofa? Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, ta ga buhunan riɗi suna shigowa ta ƙofar nan, ta ga Iya zaune a kan ƙunshi a bakin tasha. Wafa ta riga ta miƙe tana gyara tob.

"Haram, Ustaza!" Muryar Jannatu ta fito da ƙarfi fiye da yadda ta so. "Ba a tashi a kan kofi na fari. Sai an sha na biyu. Ko so kike a ce mun kore ku?"

Wannan kam ba mai musu a Gadarif. Wafa ta dubi Eltayeb, ta yi murmushi, ta koma ta zauna. Jannatu ta ƙara ruwa a tulu ta mayar kan gawayi. Ta fifita wutar sau biyu. Sannan ta miƙe ta goge hannu a zane, ta je ta durƙusa gaban gado.

"Iya, ɗan sauko."

"Me?"

"Sauko, don Allah." Ta kama hannun tsohuwar ta saukar da ita. Ta juya wajen ƙofa ta ce da Larabci, yadda kowa zai ji, "Ma'u, zo ki kama. Ga gadonki, na gode, Allah ya bar zumunci."

Ma'u ta shigo da sanɗa, ta matso kunnenta ta ce da Hausa, "Ke, kin haukace? Ba su tafi ba fa!"

"Na sani. Kama."

Ma'u ta tsaya tana kallonta. Ta kalli wayar Eltayeb, ta kalli Alhaji. Sai ta dafe baki. "La ilaha illallahu," ta ce a hankali. "Mu ne muka yi wannan aikin da hannunmu?" Dariya ta taso mata, ta danne, ta ƙi dannuwa. Ta yaye zanen ɗawisu ta naɗe a hammata, suka ɗaga gadon. Buhuna suka bayyana, da tabarma mai ɓaraka, da bokiti.

Karkata shi, ja shi, ƙafa ta sake kankarar ƙofa. Da suka dawo Jannatu ta tsaya a tsakiyar ɗaki ta ɗaga fanka sama.

"Fankar wa?"

"Tawa!" in ji wata daga waje.

"Zo ki ɗauka, na gode. Talabijin?"

"Tawa ce, a bi ta a hankali, gawa ce!"

Wurin ya kaure. Mata suka yi ta shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta gaida baƙi da ladabi ta sunkuci nata ta fita tana dariya har da tuntuɓe. Aka kwashe tangaran, gida uku suka rabu a bakin ƙofa. Aka kira mai karo ya dawo da jakinsa. Aka nemi afuwar Ustaza ta ɗan ɗaga ƙafa, aka naɗe kafet. Jannatu ta hau kujera ta fizge labule, ƙusa ta yi tsalle, sai ga bango tsirara, bulo da tsagewa da sawun yoyon damina. Wafa ta daɗe tana kallon inda ya kamata taga ta kasance.

"Jannatu." Muryar Iya Fatsuma ce. Tana tsaye a jikin bango ta ja tob ta rufe rabin fuska. "Kin tsiraita mu."

Dariyar ta tsaya. Jannatu ta sauko ta durƙusa a gabanta a kan siminti.

"Iya, ki yafe mini. Asabar za ta tsiraita mu a bakin titi, gaban duk Gadarif. Gara ni, a cikin ɗaki, gaban mutum biyu."

Tsohuwar ta dubi buhunan da take kwana a kai, ta dubi baƙin. Ta saki tob ɗin daga fuskarta a hankali, ta ja dogon numfashi, ta fuskanci Wafa.

"'Yata, tob ɗin nan ma na Sauda ne," ta ce. "Amma wallahi ba mai tuɓe ni."

Ma'u ta zube a bakin ƙofa da dariya. Har Eltayeb sai da ya tuntsire, yana goge ido da bayan hannu. Ana cikin haka aka sauko da agogo za a wuce da shi ta gabansa, ya tare da hannu.

"Tsaya. Ustaza, agogon nan ba shi muka gani ɗazu a gidan matar nan ta bakin hanya ba?"

"Shi ne," in ji Sauda. "Ai da ƙyar ya riga ku isowa."

Wafa ta dafe goshi. Ba ta san ko ta yi dariya ko ta yi kuka ba, sai ta yi duka biyun kaɗan-kaɗan. "Sai mun koma wurinta," ta ce. "Yanzu, daga nan."

Saura kujeru uku da mutum uku a kai. Jannatu ta tsaya, nan kam ba za ta iya tayar da manya daga zaune ba. Alhaji Nu'uman ne ya miƙe da kansa. Ya ɗaga kujerarsa ya kai bakin ƙofa ya miƙa wa mai ita, ya dawo ya tsaya gaban Wafa, hannuwa a baya.

"Ustaza, na ce gidansu ne. Ban yi ƙarya ba, gidansu ne har ran Asabar. Na riga na ba ɗan kasuwa alkawari, da wannan hayar nake ciyar da nawa gidan, riɗi kuma ba ya kwana a waje." Ya haɗiye yawu. "Da na faɗa tun ɗazu. Baki ne ya ƙi."

"Ba wanda ya yi mana abin da ka yi, Alhaji," in ji Jannatu.

Wafa da Eltayeb suka miƙe, aka zare kujerun daga bayansu. Mahzan ya koma mahzan, dogo, fanko, muryar mutum tana dawo masa. Turare ya ci ya cinye, warin maganin ƙwari ya fara ɗagowa daga ƙasa. Tantabara ta leƙo ta rami.

Kofi ya tafasa. Jannatu ta tsiyaya na biyu, ta miƙa musu a tsaye. Wafa ta karɓa da hannu ɗaya, da ɗayan ta ciro waya, ta nemo hoton ɗazu mai haƙora da labule, ta dube shi, ta goge. Ta ɗauki bango, ta ɗauki bokiti da tabarma. Eltayeb yana ta danne-danne, ya tambayi yara nawa ne, ya tambayi ranar da motar za ta zo, Alhaji ya maimaita masa.

"Ki ji ni da kyau, 'yar'uwa," in ji Wafa. "Ba ni nake rabo ba. Ni gani nake yi in faɗa. Ba zan ce miki gobe za ki kwana a gutiyya ba, don ban sani ba. Amma abin da na gani zan kai shi yau, kafin a tashi daga ofis, kuma zan tsaya a kansa har su gaji da fuskata."

"Ya isa," in ji Jannatu. Jikinta ya yi sakayau, kamar ta sauke tulu.

Wafa ta kurɓi kofin a hankali, tana kallon ɗakin da babu abin kallo. Sauda tana tsaye a gefenta da tire, ta ƙura wa hannunta ido, ba ta ko ƙiftawa.

"Sha a hankali, Ustaza, ba gaggawa," in ji Jannatu. "Amma in kin shanye, finjalin ma na Sauda ne."